Ciwon Dajin Jakar Ƙwai: Inda Bincike Ya Kai Yanzu

Akwai wani irin labari da ma'aikatan lafiya na ƙauye suka sani sarai. Mace ce da ta haura shekara 50, ta daina ganin al'ada tun tuni. Sai ta fara jin cikinta a kumbure, abinci kaɗan ya cika ta, rigarta ta fara matse ta ta wajen ciki. Ta je kemis, a ba ta maganin olsa. Bayan wata guda a ce taifot ne. Daga nan maganin tsutsar ciki, daga nan jiƙo. Kafin a kai ta babban asibiti an yi wata shida ko fiye, ciki ya cika da ruwa, fuska da hannuwa kuwa sun rame. A nan ne iyali suke fara jin sunan ciwon, wato dajin jakar ƙwai.

Kowace mace tana da jakar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa, kowace ba ta wuce girman dabino ba. Su ne suke sakin ƙwai kowane wata, su ne kuma suke samar da sinadaran da suke tafiyar da al'ada. Tsakanin kowace jaka da mahaifa akwai wani siririn bututu da ƙwai yake bi. Ku riƙe maganar wannan bututu, gama za mu komo kanta.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata fiye da 320,000 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, fiye da 200,000 kuma suka mutu. Bai kai dajin nono ko na bakin mahaifa yawa ba, amma ya fi su saurin kisa, domin yawanci sai ya bazu cikin ciki kafin a gane shi. Lissafin Amurka ya nuna bambancin a fili. In an kama shi tun yana cikin jakar kaɗai, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5. In ya riga ya yi nisa, kusan 30 ne kawai cikin 100.

Kada a haɗa shi da dajin bakin mahaifa

Mata da yawa suna cewa, ai an gwada ni a asibiti an ce ba ni da kome. Gwajin da ake yi wa mata a bakin mahaifa, ko na shafa ruwan tsami ko na ɗiban ɗan ruwa a kai ɗakin gwaji, na dajin bakin mahaifa ne kaɗai. Ba ya ganin jakar ƙwai. Haka nan allurar rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, tana tsare su daga dajin bakin mahaifa. Allura ce mai kyau, ku kai 'ya'yanku. Amma ba ta hana dajin jakar ƙwai, gama ba ƙwayar cuta ce take kawo shi ba. Ba a kuma ɗaukarsa daga miji ko daga mai jinya, ba kuwa sammu ba ne.

Alamun da ya kamata a kula da su

Shekaru da yawa likitoci suna cewa ciwon ba shi da alama sai ya yi nisa. Wata likita a birnin Siyatil na Amurka, Barbara Goff, ta bi ta tambayi matan da suka kamu, ta tarar yawancinsu sun yi watanni suna jin wani abu, sai dai ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Daga aikinta da na abokan aikinta, a shekarar 2007 aka amince da alamu huɗu: kumburin ciki da ba ya sauka, ciwon mara ko na ciki, saurin ƙoshi ko rashin son abinci, da yawan fitsari ko jin ya matsa ba zato.

Kowa zai ce ai waɗannan ba wanda bai taɓa jinsu ba. Gaskiya ne, mai cin wake ma ya san kumburin ciki. Bambancin shi ne sabon abu ne ga matar, yana kuma dawowa kusan kullum. Hukumar da take tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce in alamun suna zuwa fiye da sau 12 a wata, musamman ga wadda ta kai shekara 50, a yi mata gwaji. Kumburin da ya zo da safe ya tafi da yamma, ba shi ake nufi ba. Wanda ya yi mako uku yana nan, maganin olsa bai taɓa shi ba, shi ne. Zubar jini bayan an daina al'ada ma ba abin zama a gida ba ne, ko mene ne dalilinsa.

Yadda ake ganewa

Likita zai taɓa ciki, ya duba ta ƙasa, sa'an nan ya tura a yi hoton sikanin. Yawancin ƙullutun da ake gani a jakar ƙwai, musamman ga mata masu haihuwa, ruwa ne kawai a cikinsu, sukan ɓace da kansu. Saboda haka in an ce an ga ƙullutu, kada hankali ya tashi tukuna. Wanda ake tsoro shi ne mai tsoka a ciki, mai rassa, mai jan jini da yawa, ko wanda ya zo tare da ruwa a ciki.

Akwai kuma gwajin jini da ake kira CA-125, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a 1981. Yana hawa a jinin mata kusan 80 cikin 100 waɗanda ciwonsu ya yi nisa, amma a matakin farko kusan rabi ne kawai yake nunawa. Yana kuma hawa saboda abubuwan da ba daji ba: juna biyu, al'ada, ƙarin mahaifa, ciwon hanta, da tarin fuka na ciki. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Tarin fuka in ya kama cikin ciki yana kawo ruwa, da rama, da hawan CA-125, har ya yi kama da daji a hoto. Shi kuwa yana warkewa da magani na watanni. Don haka ba a yanke hukunci sai an ɗebi ruwan ko an yanko ɗan tsoka an duba a madubin likita.

Me ya sa ba a gwada dukan mata tun kafin su ji ciwo?

Tambaya ce mai kyau, an kuwa kashe shekaru da kuɗi masu yawa a kanta. A Birtaniya, tsakanin 2001 da 2005, aka ɗauki mata fiye da 200,000 masu shekara 50 zuwa 74, a ƙarƙashin jagorancin Ian Jacobs da Usha Menon na wata jami'a a Landan. Aka raba su kashi uku. Waɗansu ana auna musu CA-125 kowace shekara, waɗansu ana yi musu sikanin kowace shekara, rabinsu kuma ba a yi musu kome. Aka bi su har kimanin shekara 16. Da sakamako ya fito a 2021, ya nuna cewa gwajin jinin ya kama ciwon da ɗan wuri a waɗansu, amma yawan waɗanda suka mutu bai ragu ba. Masu binciken da kansu suka ce bai kamata a mai da shi gwajin kowa da kowa ba.

Wani bincike a Amurka da ya ƙunshi mata kimanin 78,000, wanda aka buga a 2011, ya nuna ɗaya ɓangaren matsalar. Mata fiye da 1,000 aka yi wa tiyata saboda gwaji ya nuna kamar daji ne alhali ba shi ba ne, 15 cikin kowace 100 daga cikinsu kuma suka sami babbar matsala daga tiyatar. Saboda haka in wani ya zo ƙauye yana tallar gwajin jini da zai tabbatar wa mace lafiyayya cewa ba ta da wannan ciwo, ku riƙe kuɗinku. Har yau babu gwajin da aka tabbatar yana ceton rai ta wannan hanya.

Ana ci gaba da nema. A jami'ar Johns Hopkins an gwada neman ɓurɓushin ƙwayoyin daji cikin ruwan da ake ɗiba a bakin mahaifa. A rahoton 2018, hanyar ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu dajin jakar ƙwai, da aka haɗa da gwajin jini ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Bai isa ba tukuna. Wanda ya fi kusa da amfaninmu, a ganina, shi ne aikin da aka jagoranta daga Suwidin aka buga a farkon 2025. An koya wa kwamfuta karanta hoton sikanin da hotuna fiye da 17,000 na mata fiye da 3,600 daga ƙasashe 8, ta kuma ɗan fi ƙwararrun likitoci iya bambanta ƙullutu mai haɗari da marar haɗari. Inda akwai na'urar sikanin amma babu ƙwararren mai karantawa, kamar yawancin asibitocinmu na karkara, irin wannan zai iya taimakawa in an gwada shi a kan matanmu aka ga ya yi.

Ashe daga bututu yake farawa

Abin da ya fi sauya tunanin likitoci cikin shekaru 25 da suka wuce shi ne gano inda ciwon yake tsirowa. Dajin jakar ƙwai iri-iri ne, amma akwai guda ɗaya mai saurin yaɗuwa wanda shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na irin da yake kama manyan mata, shi ne kuma yake kashe mafi yawa. A 2001 waɗansu masu bincike a Holan suka duba bututun da aka cire wa matan da ciwon yake bin danginsu, suka ga ƙwayoyin da suka fara lalacewa a cikin bututun. Bayan 'yan shekaru Christopher Crum da abokan aikinsa a Bostan suka tabbatar da haka, suka nuna cewa yawanci a bakin bututun ne, wajen da yake buɗewa kamar yatsun hannu a kan jakar. Wato a mata da yawa ciwon yana farawa ne a bututu, ƙwayoyin su zubo kan jakar da cikin ciki tun suna ƙanana ƙwarai. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa sikanin na jakar bai ceci rai ba. Ana tsaron ƙofar gaba ne, ɓarawo kuwa ta baya ya shigo.

Daga nan wata dabara mai sauƙi ta fito. A 2010 likitocin mata na lardin Birtish Kolambiya a Kanada suka fara ba da shawara cewa duk matar da ta gama haihuwa, in za a cire mata mahaifa ko za a ɗaure mata bututu don tsai da haihuwa, a cire bututun biyu gaba ɗaya, a bar mata jakar ƙwai. Da yake jakar tana nan, ba za ta shiga yankewar al'ada kafin lokaci ba. A 2022 suka buga abin da suka gani: cikin mata kusan 26,000 da aka cire wa bututu, ba a sami ko ɗaya da ta kamu da wannan iri mai saurin yaɗuwa ba, amma cikin kusan 32,000 da ba a cire musu ba an sami 15. Matan ba su tsufa sosai ba tukuna, ana ci gaba da binsu. Duk da haka ƙungiyoyin likitocin mata a ƙasashe da yawa sun karɓi wannan shawara.

Cikin dukan sababbin abubuwa, wannan ne ba ya bukatar na'ura mai tsada ko magani daga waje, 'yan mintoci ne kawai ake ƙarawa a kan tiyatar da za a yi dama. Ba ana cewa mace lafiyayya ta je a yanka ta don wannan kaɗai ba. Amma in an riga an shirya tiyata, ita da maigidanta kuma sun tabbata sun gama haihuwa, ya dace ta tambayi likita ko za a cire bututun. A sani fa, in an cire ba a mayarwa.

Wanda yake bin jini

Yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba, amma kusan ɗaya cikin biyar ko shida gado ne. A 1994 da 1995 aka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu shi ne gyara ɓarnar da take faruwa cikin ƙwayoyin jiki. Mace da ta gaji BRCA1 mai lahani tana da haɗarin kusan 44 cikin 100 na kamuwa da dajin jakar ƙwai kafin shekara 80, mai BRCA2 kuma kusan 17 cikin 100. Ga sauran mata haɗarin bai kai 2 cikin 100 ba. Lahanin nan kuma shi ne yake kawo dajin nono tun da ƙuruciya. Ana gadonsa daga uba kamar yadda ake gadonsa daga uwa, don haka gwaggo da kakar wajen uba suna cikin lissafi.

An daɗe ana zaton abin na Turawa ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da take jami'ar Shikago, tare da likitocin Ibadan, sun gwada mata fiye da 1,100 masu dajin nono. Rahotonsu na 2018 ya nuna kusan 11 cikin 100 suna da lahani a ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu, wato fiye da abin da aka saba gani a yawancin Turawa. Gwajin gadon yana da tsada, a manyan birane kaɗai ake samunsa. Amma tarihin iyali kyauta ne. In a gida ɗaya mata biyu ko uku sun yi dajin nono, ko wata ta yi shi kafin shekara 50, ko namiji ya yi dajin nono, ko wata ta mutu da kumburin ciki irin wanda muka bayyana, a faɗa wa likita. Mun saba ɓoye abin da ya kashe iyayenmu mata don kada a ƙi auren 'ya'yanmu, ɓoyewar kuwa 'ya'yan take cuta. Wadda aka tabbatar tana da lahanin, ana ba ta shawarar cire jaka da bututu bayan ta gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. Hakan yana rage haɗarin da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Akwai abubuwan da aka ga suna rage haɗari ga kowace mace. Haihuwa tana ragewa, shayarwa ma haka, an ga ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wani babban bincike na 2020. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha tana ragewa da kusan kashi 20 cikin 100 a kowace shekara 5 da aka yi ana shanta, bisa ga nazarin 2008 da ya haɗa bincike 45 daga ƙasashe 21, kariyar kuma tana daɗewa shekaru bayan an daina. Ƙwayar tana da nata haɗari, kamar daskarewar jini, don haka ba a shanta sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Kada mai 'ya'ya takwas ta ce ta tsira, raguwa ce kawai. Game da farar hodar jiki da waɗansu suke barbaɗawa a gaba, a 2024 cibiyar Liyon ta sa sinadarin talki da ake yinta da shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna kawo daji. Hujjar ba ta cika ba, amma barin barbaɗa ta a wurin ba ya cin kome.

Jiyya

Tushen jiyya biyu ne, tiyata da allurar kemo. A tiyata ana cire mahaifa, da jaka biyu, da bututu, da kitsen da ya lulluɓe hanji, da duk wani tsiro da ido ya gani. Bincike ya nuna sau da sau cewa matan da ba a bar musu ko ɗan tsiro ba sun fi daɗewa. Shi ya sa inda aka yi tiyatar farko yana da muhimmanci ƙwarai. In sikanin ya nuna abin tsoro, gara a daure a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, ko na Jos, Kano, Maiduguri ko Gombe, a Nijar kuma Yamai, da a buɗe ciki a ƙaramin asibiti a rufe ba a gama ba. In ciwon ya yi yawa, akan fara da kemo zagaye uku don ya ragu kafin tiyata.

Kemo da aka saba bayarwa magani biyu ne a haɗe, kabofilatin da Taxol, wanda asalinsa daga ɓawon wani itace na yammacin Amurka aka samo shi. Ana yi sau ɗaya kowane mako uku, har zagaye shida. Gashi yana zubewa, yana kuma tsirowa daga baya. Babbar matsalar da ake gani a ƙasashenmu ita ce tsayawa a zagaye na biyu ko na uku, ko don kuɗi sun ƙare, ko don ciki ya sauka an ɗauka an warke. Iyali da zumuntar mata da suke so su taimaka, su yi lissafin zagaye shida da kuɗin mota tun daga farko.

Ga 'yan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba, irin dajin da ya fi kama su dabam ne, daga ƙwayoyin ƙwan kansu yake tasowa. Yana girma da sauri amma yana jin magani ƙwarai, yawancinsu suna warkewa. Sau da yawa jaka ɗaya ake cirewa a bar mahaifa, su haihu daga baya. Yarinyar da cikinta ya kumbura, a kai ta sikanin kafin a fara zarginta.

A manyan mata da ciwonsu ya yi nisa, kemo yakan kwantar da shi, amma a kusan 7 cikin 10 yana dawowa. A nan ne sababbin magunguna suka shigo. Ƙwayar jiki tana da hanyoyi fiye da ɗaya na gyara kanta, kamar ɗakin ƙasa da mutum biyu suke yi wa yaɓe. Ƙwayar daji mai lahanin BRCA ta riga ta rasa ɗaya. Maganin olafarib, wanda ake sayarwa da sunan Lynparza, aka kuma amince da shi a 2014, yana hana na biyun aiki, sai ƙwayar dajin ta rushe, lafiyayyun ƙwayoyi kuwa su jure. A gwajin da aka yi wa mata 391 masu lahanin BRCA, waɗanda suka sha shi shekara 2 bayan kemo, 67 cikin 100 suna da rai bayan shekara 7, waɗanda ba su sha ba kuwa kusan 47 cikin 100. Wani magani, Elahere, da Amurka ta fara amincewa da shi a 2022, yana ɗauke da dafi ya kai shi kan ƙwayoyin daji masu wata alama ta musamman. A matan da kabofilatin ya daina yi wa aiki, ya kai tsawon rayuwa daga kimanin wata 13 zuwa wata 16 da rabi, yana kuma iya taɓa ido. A 2025 aka amince da wani haɗin magani biyu don wani iri mai tafiya a hankali wanda ya fi kama mata masu ƙarancin shekaru. Duka suna da tsadar da manomi ba zai iya ba, yawancinsu kuma sai an yi gwaji an ga matar ta dace da su. Kada iyali su sayar da gona saboda sunan maganin da suka ji a rediyo ba tare da likitan daji ya tabbatar zai yi mata aiki ba.

In an kai inda ba a sa ran warkewa, jiyya ba ta ƙare ba. Ruwan da yake cika ciki har ya hana numfashi ana iya zuƙe shi da allura a asibiti, a maimaita in ya dawo. Ciwo mai tsanani yana jin maganin mofin na sha, wanda ake samu a manyan asibitoci da takardar likita, ana kuma shansa a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. Yana kawo taurin bayan gida, don haka a karɓi maganinsa tare. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, kamar kunu da romo, ya fi mata sauƙi a kan kwano guda na tuwo, kada kuma a matsa mata ta cinye.